GUZURI DA CANJI: YADDA MATAFIYI KAN SAMI KUƊIN ƘASAR DA YA BAƘUNTA

1.0 Gabatarwa

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, kuma ɗaya daga cikin darussan farko da tafiya ke koya wa mutum shi ne cewa kuɗin aljihunsa yana da iyakar inda ake jin maganarsa. Wanda ya tashi daga Katsina da naira zai iya yin ciniki da ita a kasuwannin bakin iyaka, har ma a wasu rumfuna na Maraɗi, saboda kusanci da cuɗanya. Amma da zarar ya nausa Agadas, ko ya sauka Jidda ko Alƙahira, wannan takarda da ya sha wahala kafin ya tara ta ko ruwan sha ba za ta saya masa ba, sai ya sami wanda zai musanya masa ita da kuɗin mutanen wurin.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana hanyoyin da matafiyi, musamman Bahaushe mai zuwa fatauci ko aikin Hajji ko neman ilmi ko magani, yake bi domin samun kuɗin ƙasar da ya baƙunta. Za a waiwayi yadda magabata suka yi, a dubi yadda farashin canji yake aiki, sa'an nan a auna hanyoyin da ake bi a yau. Abin da za a nuna shi ne, babu wata hanyar canji ta kyauta. Kowace tana da ladan da ake biya, wani a fili wani a ɓoye, kuma kowace ta dogara da wani mutum ko wata hukuma da matafiyi ya ba amana. Wanda ya san inda ladan ya ɓuya, ya kuma san wanda ya ba amanar, shi ne guzurinsa kan kai shi ya dawo da shi.

2.0 Canji a Zamanin Fatake da Alhazan Ƙasa

Matsalar canji ta girmi banki da fasfo. A ƙarni na 19 wuri ne kuɗin ƙasar Hausa, kuma matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya tarar ana musayar wuri 2,500 da dalar azurfa ɗaya. Ke nan keso guda, watau wuri 20,000, dala takwas ce kacal, ga shi kuwa kaya ne mai nauyi da sai an nemi jaki ko ɗan dako. Bayan nauyi kuma, darajar wuri ba ɗaya ba ce a ko'ina. Ya fi araha a kusa da bakin teku inda ake sauke shi daga jiragen ruwa, ya fi tsada a cikin ƙasa, kuma akwai wuraren da ba a karɓarsa sosai. A Barno, alal misali, an daɗe ana ciniki da gabaga, watau ƙwaryar saƙi, kafin wuri ya sami shiga.

Saboda haka fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro ba su faye dogara da wuri ba. Sukan ɗauki haja, kamar kanwa da turkuɗi da jemammun fatu, su riƙa sayarwa zango zango suna karɓar abin da mutanen wurin ke ciniki da shi. A kowane babban zango akwai fatoma, mai masaukin baƙi, wanda ya san harshen gari da farashinsa da masu gaskiyarsa. Shi ke ajiye wa baƙo kayansa, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa a kan bashi, ya karɓi la'adarsa. Aikin da ɗan canji da banki suke yi a yau, fatoma da dillali ne suka riƙe shi a wancan zamani.

Masu nufin gabas kuwa, watau alhazan ƙasa da ke bi ta Barno da Wadai da Darfur zuwa Sawakin a bakin Bahar Maliya, sun fi son liyari. Wannan ita ce dalar azurfa mai hoton sarauniyar Ostiriya Mariya Tereza, wadda aka ci gaba da bugawa da shekarar 1780 a jikinta ko bayan rasuwar sarauniyar. An yarda da ita daga Barno har Habasha da Yaman, domin an san nauyinta da kyawun azurfarta. Wanda bai da liyari kuwa, ƙarfinsa ne guzurinsa. Da yawa sukan tsaya su yi ƙodago, musamman a gonakin auduga na Jazira a Sudan bayan an buɗe su a 1925, su tara kuɗin ƙasar, su ƙara gaba. Wannan na cikin dalilan da suka sa tafiyar kan ɗauki shekaru, wasu ma suka zauna can har zuriyarsu ta yaɗu.

Ya kamata a ambata cewa malaman fiƙihu sun daɗe da shimfiɗa wa wannan sana'a ƙa'ida a babin sarfu, inda suka shardanta cewa musayar zinariya da azurfa ta kasance hannu da hannu a zama ɗaya, ba tare da jinkiri ba. Wannan sharaɗi ya toshe ƙofar jayayya idan farashi ya sauya tsakanin ƙulla ciniki da biya, kuma har yanzu 'yan canji masu kiyaye addini suna lura da shi.

3.0 Yadda Iyakoki Suka Rarraba Kuɗi

A 1912 Ingila ta kafa hukuma guda mai buga kuɗi domin ƙasashe huɗu da take mulka a Afirka ta Yamma, watau Nijeriya da Gana (wadda ake kira Gwalkwas a lokacin) da Saliyo da Gambiya. Sule ɗin da aka karɓa a kasuwar Kurmi shi ne ake kashewa a zangon Kumasi, ba tare da an nemi ɗan canji ba. Faransa ita ma ta ƙirƙiro wa ƙasashen da take mulka kuɗin sefa a watan Disamba na 1945.

Samun mulkin kai ya sauya wannan tsari. Gana ta fitar da nata fam a 1958, sa'an nan ta koma sidi a 1965, sunan da ya samo asali daga kalmar wuri a harshen Akan. Nijeriya ta fara nata fam a 1959, shekarar da Babban Bankinta ya fara aiki, ta kuma koma naira da kwabo ranar 1 ga Janairu 1973, inda fam ɗaya ya zama naira biyu. Saliyo ta yi liyon a 1964, Gambiya ta yi dalasi a 1971. Sakamakon haka, mai tafiya a mota daga Legas zuwa Ankara, babban birnin Gana, sai ya yi mu'amala da kuɗi iri uku cikin yini guda: naira, da sefa a Binin da Togo, da sidi.

Sefar ma iri biyu ce. Akwai ta ƙasashe takwas na Afirka ta Yamma, ciki har da Nijar da Binin da Mali, wadda bankinta ke Dakar. Akwai kuma ta ƙasashe shida na Afirka ta Tsakiya, ciki har da Kamaru da Cadi, wadda bankinta ke Yawunde. Darajarsu ɗaya ce a hukumance, amma takardar ɗaya ba ta da hurumi a yankin ɗaya. Ɗan kasuwar da ya sayar da kaya a Damagaram ya nufi Injamena da sefarsa, dole ne ya sake zama gaban ɗan canji, a kuma rage masa wani abu.

4.0 Farashin Canji da Inda Ladan Yake Ɓuya

Kuɗin ƙasashe sun kasu gida biyu ta fuskar farashi. Akwai waɗanda hukumominsu suka ɗaure su da wani babban kuɗi, akwai kuma waɗanda aka bar wa kasuwa ta yi musu farashi. Riyal ɗin Saudiyya yana ɗaure da dalar Amurka tun 1986 a kan riyal 3.75 kowace dala. Dirhamin Daular Larabawa shi ma haka, a kan 3.6725 tun 1997. Sefa tana ɗaure da yuro tun 1999 a kan 655.957. Amfanin sanin wannan a bayyane yake. Mai zuwa Makka ko Dubai dala ce ta fi dacewa ya riƙe, mai zuwa Yamai ko Abijan kuwa yuro, domin a kowane hali ya san ainihin abin da ya kamata a ba shi tun kafin ya bar gida.

Naira tana cikin kashi na biyu, ko da yake ta daɗe ana riƙe da linzaminta. A 1980 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba a farashin hukuma. A watan Satumba na 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta buɗe kasuwar gwanjon kuɗin waje, darajar naira ta soma sauka. A watan Yuni na 2023 aka haɗe farashin hukuma da na kasuwa, kuma a cikin 2024 dala ta haura naira 1,500. Wanda ya yi lissafin guzurinsa da naira watanni kafin tafiya a irin wannan yanayi, yakan iske lissafin ya rushe kafin ranar tashi.

A allon kowane ɗan canji akwai farashi biyu: wanda yake saye da shi da wanda yake sayarwa da shi. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce ribarsa, ita ce kuma ladan da matafiyi ke biya ko da an rubuta a ƙofa cewa ba a karɓar la'ada. A ɗauki misalin mai dala 500 a Makka. A farashin hukuma riyal 1,875 ke nan. Idan wani ya saya a kan 3.70, zai ba shi riyal 1,850, watau ya rage 25. Idan wani ya saya a kan 3.50, zai ba shi 1,750, watau ya rage 125. Bambancin da ya yi kama da na 'yan kwabbai a kan allo ya zama riyal 100 a hannu. Don haka tambayar da ta fi amfani ita ce: nawa za a damƙa a hannu bayan an cire kome?

Akwai kuma ladan da ake biya sau biyu. Naira ba ta canzuwa a yawancin ƙasashe, saboda haka matafiyi kan mai da ita dala a gida, ya sake mai da dalar kuɗin ƙasar da ya je. Idan kowane canji ya ci uku cikin ɗari, to abin da ya fara da 100 zai koma 97, sa'an nan ya koma 94 da ɗan ɗoriya. Idan ya dawo da ragowa ya sake canzawa, an ci shi karo na uku. Wannan ne ya sa a inda ake iya musanya kai tsaye, kamar naira da sefa a kasuwannin Jibiya da Illela da Maigatari, bi ta kan dala yakan zama asara.

5.0 Hanyoyin Samun Kuɗin Ƙasar Waje

5.1 Tsabar Kuɗi da 'Yan Canji

Wannan ita ce hanya mafi daɗewa, kuma Hausawa sun yi suna a cikinta. Kasuwar canji ta Wapa da ke Fagge a Kano ta samo sunanta ne daga kamfanin jigilar alhazan Afirka ta Yamma da Alhaji Mahmud Ɗantata da abokansa suka kafa a 1948. Inda maniyyata ke taruwa, nan masu neman kuɗin waje da masu sayar da shi suka saba haɗuwa. A 1989 gwamnati ta fara ba kamfanonin canji lasisi, sana'ar ta sami gindin zama a doka, ko da yake masu yi ba da lasisi ba, waɗanda ake kira 'yan kasuwar bayan fage, ba su gushe ba.

Falalar tsaba ita ce ba ta jiran wutar lantarki ko intanet. Sai dai tana da sharuɗɗan da baƙo bai cika sani ba. 'Yan canji a ƙasashe da yawa sukan ba takardar dala 100 farashi mafi kyau fiye da ƙananan takardu. Sukan ƙi tsohon bugu, ko su rage masa daraja, musamman tun da Amurka ta fitar da sabuwar takardar dala 100 mai shuɗin zare a 2013. Takardar da ta yage ko aka yi rubutu a kanta ita ma takan sha ragi. Haka nan wurin canji yana da tasiri. Rumfunan filin jirgin sama da na masaukin baƙi sun fi tsada, domin hayarsu tana da yawa, kuma sun san wanda ya sauko daga jirgi ba shi da zaɓi. Masu gogewa kan canza a can abin da zai isa kuɗin mota da abincin yini kawai, su bar sauran sai sun shiga gari.

Haɗarin tsaba kuwa sananne ne: sata, da ɓata, da jabu, da ha'incin ƙidaya. Wanda ya tare baƙo a titi da farashin da ya zarce na kowa, akwai abin da ya taka, domin banza ba ta kai zomo kasuwa. A wasu ƙasashe ma canji a gefen titi laifi ne da ke shafar mai saye da mai sayarwa. Rumfa mai lasisi da ke ba da rasit ta fi aminci, kuma ƙa'ida ita ce a ƙidaya kuɗi a gaban mai shi kafin a ɗaga ƙafa.

5.2 Guzurin Hukuma ta Hannun Banki

A Nijeriya an daɗe da tsarin sayar wa matafiyi kuɗin waje ta banki idan ya nuna fasfo da biza da tikiti. A farkon shekarun 2020 iyakar abin da ake ba mai tafiyar ƙashin kai ita ce dala 4,000 a kowane wata uku, mai tafiyar kasuwanci kuma dala 5,000. A lokacin da farashin hukuma ya yi nesa da na kasuwa, wannan guzuri ya zama ganima, har wasu suka riƙa yankar tikiti su karɓi dala su soke tafiyar. A 2021 Babban Banki ya umarci bankuna su wallafa sunayen masu yin haka, kuma a watan Yuli na wannan shekara ya daina sayar wa kamfanonin canji dala. A watan Fabrairu na 2024 ya hana biyan guzurin da tsaba, ya ce sai ta kati ko asusu.

Alhazai suna da nasu kaso, wanda ake cirewa daga kuɗin kujera ta hannun Hukumar Alhazai ta Ƙasa da aka kafa a 2006 da hukumomin jihohi. A Hajjin 2024 dala 500 aka ƙayyade wa kowane mahajjaci. Da aka so a mai da biyan ta hanyar kati, an yi ta koke cewa maniyyata da yawa dattawa ne daga karkara waɗanda ba su saba da na'ura ba, kuma a 2025 aka amince a ba su tsaba. Wannan ya nuna cewa ingancin hanya ya danganta da wanda zai bi ta.

5.3 Cekin Matafiya da Katin Banki

Kamfanin American Express ya fito da cekin matafiya a 1891. Mai shi yakan sa hannu sau ɗaya a lokacin saye, ya sake sa hannu a gaban wanda zai karɓa, kuma idan cekin ya ɓace ana mayar masa da wani. Ya yi tashe har zuwa ƙarshen ƙarni na 20, amma katin banki ya ture shi, har ya zama da wuya a sami mai karɓarsa.

An kafa na'urar cirar kuɗi ta farko a wani reshen bankin Barclays a arewacin Landan a 1967. A yau mai kati mai alamar Visa ko Mastercard yana iya cirar kuɗin ƙasar da yake ciki daga asusunsa na gida. Hannu uku ne ke cin lada a nan: bankin da ya mallaki na'urar, da kamfanin katin da ke yin canjin, da bankin gida. Wani ladan kaso ne cikin ɗari, wani kuma tsayayye ne komai ƙanƙantar abin da aka cira. Idan tsayayyen ladan 5 ne, wanda ya ciri 50 ya biya goma cikin ɗari, wanda ya ciri 500 kuwa ɗaya cikin ɗari kawai ya biya. Cira kaɗan kaɗan sau da yawa ta fi tsada ke nan.

Akwai wani tarko da ya kamata a sani. Na'ura, ko injin biyan kuɗi na kanti, takan tambayi baƙo ko yana so a lissafa masa da kuɗin ƙasarsu ko da kuɗin wurin. Zaɓin farko yana da daɗin gani, domin mutum ya ga adadin da ya saba da shi, amma ma'anarsa ita ce ya bar wa mai na'urar ya yanka farashin canjin da kansa, kuma galibi yakan yanka da tsada. Zaɓar kuɗin wurin ya fi sauƙi.

Babban rauni ga mai katin naira shi ne dokar gida tana iya sauyawa yana can. A 2022, saboda ƙarancin dala, bankuna da dama sun rage abin da za a iya kashewa a waje da katin naira zuwa dala 20 a wata, daga baya wasu suka dakatar da shi ɗungurungum, sai a 2025 wasunsu suka dawo da shi. Ɗalibai da marasa lafiya da ke waje sun ji jiki a wannan tsakani. Ban da wannan, na'ura kan haɗiye kati, layi kan yanke. Shi ya sa ba a dogara da kati ɗaya, ba a kuma rubuta lambar sirri a jikinsa.

5.4 Hawala da Kuɗin Waya

'Yan kasuwa da yawa ba sa ɗaukar kome. Mutum yakan ba wani amintacce naira a Kano, ya karɓi dirhami a Dubai, ko yuwan a Gwanju ta ƙasar Sin, ko riyal a Makka daga hannun abokin hulɗar wancan, bayan an tabbatar ta waya. Wannan tsohuwar dabara ce da 'yan kasuwar Musulmi suka sani tun zamanin Abbasiyawa da sunan suftaja. Tana da sauri, ta kuma kawar da fargabar ɓarayi a hanya. Amma jarinta amana ce zalla. Idan ɗaya ya karye ko ya ci amana, babu takardar da za a kai gaban alƙali, kuma ƙasashe da yawa sun haramta ta ga wanda ba shi da lasisi. Kuɗin mutumin kirki yana iya gauraya da na ɓatagari, a rufe asusun da aka biya shi ta ciki.

A wasu ƙasashe kuma ciniki ya koma cikin waya. Kenya ta fara M-Pesa a 2007, Gana ma ta rungumi irin wannan tsari, a Sin kuwa Alipay da WeChat sun mamaye ciniki har na masu ƙananan rumfuna. A irin waɗannan wurare, samun kuɗin ƙasa ya haɗa da shirya waya da asusu tun da wuri.

6.0 Harshen Ƙidaya

Wani fanni da ya shafi masu nazarin harshe shi ne yadda ake faɗin kuɗi. Bahaushen Nijeriya da ya shiga kasuwar Maraɗi ko Tawa yana jin kowace kalma, amma ƙidayar ba irin tasa ba ce. A Nijar ana ƙidaya ne da dala, wadda ke nufin sefa 5. Dala ashirin ita ce sefa 100, dala ɗari ita ce 500, jika kuwa ita ce 1,000. Sau da yawa ma akan jefar da kalmar dala, mai kaya ya ce ashirin kawai. Baƙon da bai sani ba zai zaci abu ya yi araha sau biyar, ko kuwa ya zaci dalar Amurka ake nufi. A Nijeriya kuma jaka naira 200 ce, domin asalinta fam 100 ne. Kalma kusan ɗaya, ƙima daban.

Irin wannan ya faru a Gana bayan 2007, lokacin da aka goge sifiri huɗu, tsohon sidi 10,000 ya zama sabon sidi ɗaya. An ɗauki shekaru masu kasuwa suna faɗin farashi da tsohon lissafi. Gaskiyar masu iya magana ce da suka ce baƙo ko da ido makaho ne, kuma makantar ta fi haɗari a inda mutum ke jin harshe, domin a nan ne ba ya ganin bukatar tambaya.

7.0 Ragowar Kuɗi da Dokar Iyaka

Takardar kuɗi alkawari ce ta gwamnati, gwamnati kuwa tana iya janye alkawarinta. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta sauya launin takardun naira ta kuma rufe iyakoki, masu riƙe da naira a ƙasashe maƙwabta suka tafka asara. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi cikin dare ɗaya, daga 50 zuwa 100 a kan faran ɗaya na Faransa. Ranar 8 ga Nuwamba 2016 Indiya ta soke takardun rupi 500 da 1,000, abin da ya rutsa da baƙi har da masu jinya. Ingila ta daina karɓar tsofaffin takardun fam 20 da 50 a kantuna daga ƙarshen Satumba na 2022. Darasin shi ne, ajiye ragowar kuɗin wata ƙasa domin tafiyar baɗi caca ce. Tsabar ƙarfe kuwa ba a canza ta a wajen ƙasarta, gara a kashe ta kafin a fito. Wasu ƙasashe, kamar Tunisiya, sun ma hana fita da kuɗinsu, kuma rasit ɗin canjin farko ne ke ba mutum damar mayar da abin da ya rage.

Haka nan akwai dokar bayyana kuɗi ga jami'an kwastan. A Nijeriya da Amurka, abin da ya haura dala 10,000 ko kwatankwacinsa dole ne a bayyana shi. A ƙasashen Tarayyar Turai iyakar ita ce yuro 10,000. Ɗaukar kuɗin ba laifi ba ne, ɓoye shi ne laifi, kuma hukuncinsa kan kai ga ƙwacewa.

8.0 Kammalawa

An ga yadda neman kuɗin ƙasar baƙunci ya taso daga keson wuri da liyari har zuwa kati da waya. Kayan aiki sun sauya, amma tambayoyi biyu da Bafatake ke yi a zango su ne matafiyin yau ke yi a filin jirgi: nawa za a rage, kuma wa za a amince wa? A rumfar canji ladan yana cikin tazarar farashi, a na'ura yana cikin caji, a hawala yana cikin haɗarin da aka ɗauka, a guzurin hukuma kuma yana cikin jira da sauyin doka. Tun da kowace hanya tana da ranar da za ta ba da kunya, masu gogewa sukan raba ƙafa: 'yar tsaba ta kuɗin da aka fi yarda da shi a ƙasar, da kati, da sanin wani amintacce a can.

Ana ƙoƙarin rage wannan wahala a Afirka. An ƙaddamar da tsarin biyan kuɗi tsakanin ƙasashen nahiyar, mai suna PAPSS, a Gana a 2022, an kuma daɗe ana shirin kuɗin bai ɗaya na Afirka ta Yamma mai suna eko, wanda aka sha ɗage ranar fitowarsa, har a 2021 aka tsayar da 2027. Kafin hakan ta tabbata, abin da ke hannun matafiyi shi ne ya binciki farashi, da doka, da harshen ƙidayar inda za shi tun yana gida, domin matambayi ba ya ɓata.